Gaiwa Biyu a Tashar Isa

Habi, mai sayar da ruwan leda a tashar Isa, ta saki baki tana kallon wani dattijo. Dogo ne siriri, leɓɓansa sun tsage don ƙishirwa, ga ƙunshin kayansa irin na mutanen da aka tasa daga ƙauyukan Gatawa. Ya sayi ruwa amma bai kurɓa ba. Yana tsugune yana fasa ledojin cikin sabuwar roba, yana taɓa ruwan da bayan hannu kamar mai shirin wankan jariri.

Sai ya buɗe bokitinsa, ga gaiwa biyu a ciki. Ya tallabo ƙaramar, wadda wani farin abu kamar auduga ya fito mata a wuya, ya sa ta a robar ita kaɗai, ya ja ta inuwa.

"Subhanallahi! Baba, kifin miya kake ba ruwan sha?"

"Ba ta lahiya, ɗiyata. In na bar su wuri guda, za ta harbi 'yar'uwarta." Bai ɗago kai ba. "Na jikanyata Sadiƙa ne. Tun da mutanen daji sunka tahi da ita, ni ka kiwon su. In ta dawo, biyu za ta iske."