Ƙwan Zabi Zuwa Waca

Da, a ƙasarmu, ba ɗakin macen da za ka shiga ka rasa ƙwan ado rataye a jinka: a huda shi da allura sama da ƙasa, a hure cikinsa, a naɗe ɓawon da zare ja da kore. Na ga na jimina a Agadas, na ga wani bisa majami'un Habasha, amma ban ga mai kyan na yayata Hajo ba. Yanzu furen roba ake ratayawa.

Da daminar bara ta aiko in kawo mata ƙwan zabi, nata zabin annoba ta share su. Numfashinta ya yi ƙasa, tana so ta koya wa jikarta Rabi kafin ta kasa hurawa.

Magarya

Na shiga motar haya bayan asuba, ƙwai jere cikin ƙwaryar dusa bisa cinyata. A shinge jandarma ya leƙo.

"Baba, amarya za a kai wa?"

"Amaryar ta girme ni," na ce. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Waca

Ruwa ya ɓata hanya, sai azahar muka isa. Na hau kabu-kabu zuwa ƙauyensu, ina roƙon mai babur ya bi rami a hankali. Ko ɗaya bai fashe ba.

Na miƙa wa matar ɗan Hajo ƙwaryar, na tafi salla. Ina dawowa ta durƙusa ta aje mini kwano.

"Baba, ga tsarabarka na dafa, ga yaji."

Dafaffen ƙwai ba ya huruwa. Yaya ta daɗe tana duban kwanon.

"Auta, ka ga aikin ladabi," ta ce. "Ɓare mini ɗaya, kada a yi asara biyu."

Muka zaga ƙauyen, ba mai zabuwa. Na kaji ɓawonsa ba ƙwari, amma Yaya ta gwada. Ta kai baki, tari ya sarƙe ta. Sai ta kama yatsan Rabi ta ɗora bisa ƙwan.

"Nan, da nan. Sauran sai da numfashi."

Komawa

Kashegari na iso Magarya lafiya, na gode wa Allah da waɗanda suka ɗauke ni. Kafin in sake tara ƙwai aka kira ni ta'aziyyar Yaya. Rabi ta san inda ake hudawa, ba ta san naɗi ba. A ƙauyen nan an daina ƙwan ado.