Iya Buɗe-Mu-Gani da Ƙa'idar Kwana Talatin

Haihuwa da karatu

An haifi marigayiya, wadda duk asibiti ya sani da Iya Buɗe-Mu-Gani, a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari na bakin kogi. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta kuwa mai injin niƙa, ita ce ta huɗu cikin 'ya'yansu bakwai. Ta gama firamare a 1964, ta samu shaidar aikin jinya a 1973, malamanta suna kuka da yawan tambayarta.

Aiki da iyali

A wannan shekarar aka ɗauke ta aiki a ɗakin jinyar matan da aka yi wa tiyata, mai gadaje ashirin da biyu da fanka ɗaya mai lafiya. Nan ta samu laƙabinta, domin duk majinyaciyar da ta ce da sauƙi, amsarta ɗaya ce: buɗe mu gani. A 1976 ta auri wani mai gyaran rediyo, Allah ya ba su 'ya'ya biyar, ɗaya ya rasu tun yana ƙarami. Ta zama shugabar ɗakin a 1988.

Shekarun zama kurar baya

A 1994 hukuma ta fara auna ɗakunan tiyata da yawan ɗinkin da ya yi mugunya, bisa ƙa'idar cewa ba a lissafa ciwo sai ya ruɓe kafin sallama. Nan da nan sauran ɗakuna suka koma sallama a kwana na huɗu, alƙalumansu suka fito fes, biyu ko uku cikin ɗari. Ita kuwa sai ta sa kowace mace ta dawo a kwana na goma da na talatin, abin da ta gani ta rubuta, nata ya kai goma sha huɗu. Shekara shida ɗakinta yana ƙarshen jeri. Maigidanta yakan tsokane ta da cewa, “Uwar yara, ke kaɗai ake yi wa faɗa don kin iya ƙirga.” A farkon 2000 aka ba ta takarda cewa ƙarshen shekara za a sauke ta, a rufe ɗakin.

Sauyin ƙa'ida

Ana saura wata huɗu, sai ga sabuwar ƙa'ida: duk ɗinkin da ya yi mugunya cikin kwana talatin da aiki, ko a gida ne, a ɗora shi kan ɗakin da ya yi jinyar. Akawun ajiye katuna ya shafe mako uku yana bin rajistar ɗakin wankin ciwo, inda waɗanda aka sallama suke dawowa. Ranar da aka kafe sakamako, har masu shara sun bar tsintsiya sun zo kallo! Mai biyu ya koma sha tara, mai uku ashirin da biyu, nata ɗakin yana nan a sha huɗu, shi ne na farko. Ƙananan nas suka ɗaga ta sama, tana ihu a sauke ta. Babban likita ya karɓe takardar sauke ta da hannunsa, ita kuwa abin da ta ce masa kawai shi ne, “Likita, ciwon bai canza ba, ku ne kuka sayi tabarau.” Ta riƙe ɗakin har ta yi ritaya a 2008, ana turo mata nas daga ko'ina su koyi wankin ɗinki.

Tsufa da rasuwa

A 2019 aka yi mata aiki, ta yi jinya a tsohon ɗakinta. A kwana na ashirin da tara gefen ɗinkin ya kawo ruwa, ta sa 'yarta ta kai ta, ta zauna gaban shugabar ɗakin, ɗalibarta ta da, ta ce, “Rubuta, 'yar nan, a kanmu yake, saura kwana ɗaya.” Aka rubuta, ta warke sarai.

Allah ya yi mata rasuwa ranar wata Talata da hantsi a 2021, tana da shekara saba'in, aka yi jana'izarta aka binne ta kusa da maigidanta. Ta bar 'ya'ya huɗu: babban ɗa direba, mai bi masa malamar makaranta, na uku tela magajin keken kakansa, sai auta ungozoma, da jikoki goma sha uku. Allah ya jiƙanta. Ɗakin yana nan a buɗe.