Tsohon Bayahuden da Ya Karɓar Mini Duka

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina son rubuto wannan labari, amma duk lokacin da na fara sai in ajiye. Ina roƙo a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ban daɗe da aure ba, na biyo maigidana Manchester inda yake karatun digiri na uku da tallafin gwamnati. A gida ni ma'aikaciyar jinya ce, amma takarduna ba su ba ni damar aikin asibiti a nan ba, sai na shiga aikin care, wato bi gida-gida ana kula da tsofaffi, wanka da magani da abinci. Muna zaune a wani ɗan flat, wato ƙaramin gidan haya, a saman shago a Levenshulme. Ranar da aka tura ni gidan wani tsoho da ya haura shekara casa'in, abokiyar aikina ta nuna mini wani ɗan ƙaramin abu maƙale a gefen ƙofarsa, ta ce alamar gidan Yahudawa ke nan. Ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, iyakar sanina shi ne a garinmu da wannan suna muke kiran mugun mutum. Na roƙi a canza mini gida, aka ce babu wadda za ta maye gurbina. Haka na shiga ina addu'a a zuci.

Na tarar da ɗan siririn tsoho, kunnensa ɗaya ba ya ji, hannunsa na hagu yatsu uku ne kawai. Da lokacin azahar ya yi ya ga ina ta duba agogo, sai ya ce in shiga ɗakin gaba in yi sallata, ya ma nuna mini inda alƙibla take, ya ce kuma in daina leƙa tukunyarsa a tsorace, naman alade bai taɓa shiga gidan ba. Da muka saba na fara kiransa Baba, domin bakina ya kasa kiran sa'an kakana da sunansa tsirara. Ya tambaye ni ma'anar kalmar, na gaya masa, sai ya ce in ci gaba da kiransa haka.

Labarinsa a wajen wanka na fara jin sa, ranar da na tambayi dalilin wani dogon tabo a cinyarsa. Ya ce a Vienna aka haife shi, mahaifinsa tela ne. Da 'yan Nazi suka shigo garin, suka fito da mahaifin nasa titi da rana tsaka, suka durƙusar da shi suka ce ya goge kwalta da buroshi, suna zuba masa ruwa mai ƙuna a hannu har fatar ta saɓule, suka tsige masa gemu, suka farfasa masa haƙora da gindin bindiga, maƙwabtan da yake ɗinka wa kaya suna tsaye suna dariya. Bayan wasu watanni mahaifiyarsa ta sa shi a jirgin ƙasa tare da wasu yara zuwa Ingila, an rataya masa lamba a wuya, ta ce ya je ita da ƙanwarsa suna nan tafe. Bai sake ganinsu ba.

Yana isa shiga soja ya shiga rundunar Birtaniya, aka sa ya canza suna don kada a gane Bayahude ne in aka kama shi. Ya yi yaƙi tun daga Faransa har cikin Jamus. Bam ɗin da ya tsinke masa yatsu shi ne ya raba kan amininsa biyu a rami ɗaya da shi, ya ce ya wuni da ƙwaƙwalwar mutumin a jikin rigarsa saboda babu halin tsayawa. Ya ce ya taɓa caka wa wani sojan Jamus wuƙar bakin bindiga a ciki a wani rumbun ciyawa, sai ya ga ashe sa'ansa ne, yana mutuwa yana kiran uwarsa da irin harshen unguwarsu. A ƙarshen yaƙin yana cikin waɗanda suka shiga wani sansanin da ake tsare Yahudawa, suka tarar da gawarwaki jibge tsirara, masu rai kuma ƙashi da fata. Ya ce ya riƙa juya gawarwakin mata yana duba fuska ko zai ga mahaifiyarsa, har kwamandansa ya janye shi da ƙarfi. Daga baya ya gano a wani sansanin dabam aka kashe ta ita da ƙanwarsa. Ya dawo Manchester ya yi aiki a masana'antar rigunan ruwa, ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya wadda take Birmingham. Duk wannan yana faɗarsa ne ba kuka ba ɗaga murya, ni ce nake komawa bayi in yi kukan.

Ina da ciki ƙarami lokacin da aka kai harin bam ɗin nan a wajen kaɗe-kaɗe a tsakiyar gari, aka kashe yara. Garin ya rikice, mu masu hijabi muka zama abin kallo. Maigidana ya ce in ɗauki hutu, na ce Baba yana da ganin likita, in na kai shi na dawo shi ke nan. Muna dawowa da hantsi, ina tura shi a kekensa na marasa lafiya, mun bar Stockport Road mun shiga layinsu, sai wasu maza uku suka fito daga wata mota suna warin giya. Ɗaya ya kira ni 'yar ta'adda. Na sunkuyar da kai na ƙara sauri. Sai na ji an damƙo hijabina ta baya an fizga, ya shaƙe mini wuya, na faɗi da baya kaina ya bugi gefen titi. Kafin in yunƙura an sa mini takalmi a fuska, na ji haƙorina ya karye, bakina ya cika da jini. Na dunƙule na rufe cikina da hannu biyu ina salati, ina ce musu ina da ciki. Ɗaya ya yi dariya ya ce gara ma, a rage ɗaya tun bai fito ba.

Baba, wanda sai na tallafe shi yake iya zuwa bayi, ban san yadda aka yi ya miƙe ba. Na dai ji wata tsawa da ban taɓa ji daga bakinsa ba, muryar soja sosai, na ga sandarsa ta sauka a hancin wanda ya ɗaga ƙafa zai taka ni, jini ya ɓalle. Ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa, amma maimakon ya faɗi baya cikin keke sai ya faɗo gaba a kaina, ya rufe cikina da jikinsa, ya ƙanƙame ni da hannun nan mai yatsu uku. Dukan da aka yi nufina da shi duk a kansa ya sauka. Ina jin ƙarar haƙarƙarinsa yana karyewa a jikina, ina jin numfashinsa a kunnena, yana ta ce mini, “Kar ki motsa, 'yata, kar ki motsa.” Akwai mutane a tagogi, na gan su da idona, labule yana ɗagawa yana sauka. Sai da wani mai shagon kayan miya ya taho a guje da ƙarfen rufe shago sannan suka shiga mota suka gudu.

A asibiti aka ce cikina lafiya lau. Baba kuwa haƙarƙari da ƙugu sun karye, huhu ya tara jini. Abin da yake ci mini rai har yau shi ne, da aka sallame ni tsoro ya hana ni fita ko ƙofar gida, ko ƙarar mota na ji sai in shige bayi in kulle. 'Yarsa ta yi ta kira tana cewa yana tambayata, ina cewa gobe. Sau ɗaya kawai na samu na je, maigidana yana riƙe da hannuna. Ya rame, ana ba shi iska ta hanci. Ya tambayi cikin, na ce yana motsi, ya lumshe ido. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce akwai abin da bai gaya mini ba: ranar da aka durƙusar da mahaifinsa shi ma yana tsaye a taga a bayan labule, bai sauko ba, kuma duk yaƙin da ya yi bai goge masa wannan ba. Ya ce wannan karon ya sauko, don haka kada in kuskura in tausaya masa. Bayan 'yan kwanaki ya rasu.

Mun je jana'izarsa. Na yi mamakin yadda ba sa jinkirta gawa, akwati ba ado, kowa ya zuba ƙasa da hannunsa. A nan na ga malaman makaranta da dama, ashe ya yi shekaru yana zagaya makarantu yana ba yara labarinsa. An kama biyu daga cikin mutanen, na tsaya a kotu na ba da shaida 'yar Baba tana zaune inda zan riƙa ganinta, aka ɗaure su. Na haifi mace. Da maigidana ya samu aiki muka koma Small Heath a Birmingham, 'yar Baba ita ta nemo mana gida, ita ta raka ni wajen likitan ƙwaƙwalwa har na daina firgita. 'Yata Anti take ce mata.

Lokacin da yaƙin Gaza ya yi tsanani, ni ma kullum cikin kuka nake in na ga gawar yara a waya, har zanga-zanga na fita. Wata rana da la'asar ina cikin bas daga Perry Barr, wasu samari Musulmi 'yan'uwana suka kewaye wani ɗalibi mai 'yar hular Yahudawa, suka kaɓe hular, ɗaya ya kwaɗa masa mari har gilashin idonsa ya fashe ya yanke shi a ƙasan ido. Bas cike, kowa ya maida ido kan wayarsa. Na tashi na shiga tsakaninsu, na ɗauki hular na miƙa masa, na ce musu wannan bai jefa wa kowa bam ba, su ji tsoron Allah. Ɗaya ya kira ni munafuka ya tofa mini yawu a hijabi. Ban matsa ba har direba ya tsaya suka sauka.

'Yan'uwa, abin da na koya shi ne zalunci ba shi da addini, mai taimako ma ba ka san ta inda Allah zai turo maka shi ba. Mu daina koya wa 'ya'yanmu zagi da sunan wata al'umma, mu daina ɗora laifin shugabanni a kan wanda muka samu shi kaɗai a hanya. In ka ga ana cin zalin mutum, ko wane ne shi, ka yi wani abu, ko ihu ne, ko kiran 'yan sanda. Wanda kuma ya yi maka alheri yana kwance, ka je ka gan shi yau, kada ka ce gobe. 'Yata tana aji biyu na firamare yanzu, tana gudu, tana surutu da Turancin Birmingham, tana karanta Fatiha ba gargada. Kwanaki ta tambaye ni me ya karya mini haƙori, na zaunar da ita na gaya mata komai.