Tsagar Fuskar Inna

Hoto ɗaya tak Inna ta taɓa ɗauka a rayuwarta. Ranar sunan ɗana na fari aka kira mai hoto, aka yi ta lallashinta har ta zauna a bakin tabarma, hannuwa a kan gwiwa, tana kallon na'urar kamar mai jiran allura. Da ta rasu, yayata ce ta riƙe hoton, don mu biyu muka rage cikin 'ya'yanta. Daga baya Yaya ta kawo mini shi Haɗejiya, ta ce ɗakinta a Kafin Hausa yana yoyo, nawa kuwa ginin siminti ne.

Shekarar da kogi ya shigo unguwarmu, maƙwabta sun ɗaga kayansu tun da wuri. Ni na ce tun ina yaro ruwa bai taɓa wuce tsamiyar bakin layi ba. Da ya wuce ta, na ɗauki rediyo da buhun shinkafa, na bar adakar da hoton ke ciki a ƙasa. Lokacin da na buɗe ta, hoton ya manne da wata tsohuwar riga. Na ɓamɓare shi a hankali, amma rabin fuskar ya zama tabo, sauran duk karce. Da na gaya wa Yaya, cewa ta yi haka Allah ya so, ba ta sake tayar da maganar ba. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Bara hawan jini ya kwantar da ita. 'Yata, wadda ke koyarwa a firamare, ita ke yawan kiranta a waya. Sunan Inna na sa wa yarinyar, shi ya sa Yaya ba ta kiranta da suna, sai dai ta ce uwata. Wata rana bayan sun gama waya ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce gwaggonta ta gaya mata in ta rufe ido tana ganin mayafin Inna da hannuwanta, amma fuskar ta ƙi zuwa, kuma tana tsoron ta tafi ba ta sake ganinta ba.

Sai 'yata ta ce akwai wata manhaja da ta fito, abokan aikinta suna ta gyara tsofaffin hotuna da ita, wai tana aiki da abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Na ɗauko hoton, ta shimfiɗa shi a kan farin kyalle a inuwar zaure, ta ɗauke shi da wayarta. Kafin in gyara zama, tabon ya tafi. Ga Inna da launi, goshinta na sheƙi, karcen nan babu ko ɗaya. Na karɓi wayar na duba. Na ce wannan ita ce, babu shakka.

Ranar kasuwa muka shiga mota zuwa Kafin Hausa, da kifi banda a kwali tsarabar Yaya. Muka same ta a kishingiɗe, ta rame. Bayan gaisuwa 'yata ta sa mata tabarau, ta miƙa mata wayar. Ta daɗe tana kallo.

"Kyakkyawa ce," in ji ta. "'Yar gidan wa ce?"

Na yi dariya na ce ai Inna ce. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Auta, wanzamin da ya yi wa Inna tsaga zuwa ya yi ya karɓe abarsa?"

Na karɓi wayar na sake dubawa. Inna tana da bille, tsaga guda a karkace a kumatun hagu, tana kuma da 'yar baka, ƙananan zane a gefen baki da mata ke yi don ado. A fuskar da ke cikin wayar babu ko ɗaya, sumul take. Ni da na sha nononta, na yi ta kallon hoton a gida ban lura ba.

'Yata ta ce manhajar ce ta ɗauki tsagar a matsayin karcen takarda ta goge su tare. Ta sake gwadawa da hoton asali, abin ya sake sharewa. Yaya ta juya fuska wajen bango, ta ce mu bar shi, mun yi ƙoƙari. Na ji kamar ruwan ne ya sake shigowa.

Yarinyar ba ta ajiye wayar ba. Ta ce akwai wurin yin zane da yatsa a kan hoto, in Gwaggo za ta kwatanta mata yadda tsagar take. Yaya ta ce babu abin kwatantawa, tun tana budurwa ta matsa sai da aka yi mata 'yar baka irin ta Inna, billen kuwa tun ranar suna take da shi.

"Zo nan, uwata. Dubi tawa ki kwafa."

Aka ɗaga labulen ƙofa don haske ya shigo. 'Yata ta durƙusa gaban gadon, ta dubi kumatun gwaggonta, ta ja layi a wayar. Ya yi kauri, ta goge. Ta sake, Yaya ta ce ya yi tsaye da yawa, na Inna ya fi kwanciya. Da aka zo 'yar baka sai da ta miƙe fatar gefen bakinta da yatsu, don tsufa ya tattare ta. Ina zaune a kan kujera 'yar tsugune ina kallon fuska biyu, ta Yaya da ta Inna a wayar, sai na ga ashe goshin ma ɗaya ne, har da yadda leɓen ƙasa ke ɗan turowa. Duk shekarun da nake baƙin cikin takarda, ban taɓa tsayawa na dubi Yaya da kyau ba.

Zanen bai fito sumul ba, duk wanda ya duba zai san da yatsa aka yi shi. Yaya ta riƙe wayar a kan ƙirjinta, ta yi wa Inna addu'a, muka shafa.

Da yamma na je shagon masu wanke hoto na sa aka fitar da shi a takarda. Na tambayi Yaya ko in tafi da shi in sa masa gilashi. Ta ce a'a, ta ga irin ajiyata, a buga ƙusa a rataye shi a nan inda za ta gan shi daga gado. Ni na buga ƙusar, can sama.

Da za mu tafi 'yata ta ce bari ta ɗauki Gwaggo ita ma. Yaya ta gyara ɗankwali, ta ɗora hannuwa a kan gwiwa, ta juyo da kumatun hagu wajen haske.

"Ɗauka, uwata. Amma kada ki bari abin nan naku ya wanke mini fuska."