Gaisuwar da Bara'atu Ba Ta Amsa Ba

Bara'atu 'yar Maraɗi ce, ta zo umra ta zauna a unguwar Nuzla tana sayar da ƙosai. Kullum in ta fito, wata tsohuwa 'yar Yaman takan ɗago mata hannu ta taga, yatsu a ware. A Maraɗi wannan daƙuwa ce, sai Bara'atu ta yi tsaki ta kau da kai.

Da tsohuwar ta rasu, Bara'atu ta shiga ta'aziyya don kunyar maƙwabta. 'Yar marigayiyar ta rungume ta, ta ce, "Tun da ciwo ya riƙe harshen Ummi, da hannu take gaisuwa. Tana son ki ƙwarai."

Bara'atu ta fito tana kuka. Har yau cewa take, da ma ko sau ɗaya ta tsaya ta tambaya.