Mangoron da Tumba Bai Dasa Ba

Ranar Asabar ce, cikin watan Yuli na shekarar 1984. An yi ruwa tun asuba, ya ɗauke da hantsi, ƙasa tana ta irin ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗebo ya sa a baki. Muna tsugune a bakin rafin da muke kira mayo, ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya, yaran unguwa kaf, kowane gida da babban gwangwanin madara a gabansa, an huda gindinsa da ƙusa, an cika shi da baƙar ƙasa da taki. Malam Hamman ya ɗage wani jiƙaƙƙen buhu daga kan tulin yashi, sai ga ƙwallayen mangoro a jere, kowanne ya tsage ya zaro jan tsiro kamar harshen ƙadangare. Muka ɗauki ihu. Ya ɗaga hannu ya ce, "A hankali, 'ya'yana. Jarirai ne, ba a yi musu ihu a kunne." Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, ƙanena Tumba yana da bakwai. Da aka zo kan gidanmu, Tumba ba ya kusa, yana can cikin ruwa har gwiwa yana farautar talibambam da hularsa. Ni na karɓi ƙwallon, ni na haƙa rami da yatsa, na kwantar da shi, na rufe, na yayyafa ruwa. Da aka ce kowa ya rubuta suna a jikin gwangwani, sai na ɗauki ƙusa na zana TUMBA, saboda nawa sunan na riga na iya shi tun bara, kuma ina so Malam ya ga na kama sababbin haruffa har uku. Ya duba, ya gyaɗa kai ya ce, "Masi, kanki yana ja." Ranar ban taka ƙasa ba har gida.

Bari in gaya muku ko wane ne Malam Hamman. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne da ya ajiye aiki, siriri, mai farin gemu, da keken da sarƙarsa ke zamewa kowace kwana. Ba wanda ya sa shi. Gani ya yi in an ba da hutun damina yara na watsewa, wasu tasha, wasu bakin kasuwa, sai ya bi gida gida, na Musulmi da na Kirista, yana roƙon a ba shi aron yara Talata da Asabar, daga safe zuwa azahar. Iyaye suka yarda, don dai a rage musu hayaniya. Shi kuwa sai ya mai da daji makaranta. Ya kai mu gindin dutse ya nuna mana inda ruwa ke cin ƙasa in babu saiwar da za ta riƙe ta. Ya tsinko ganye ya ce a faɗi sunansa, wannan ya faɗa da Fulatanci, wancan da Gude, mu mu faɗa da Kamwe, shi ya cika da Hausa, in wani ya yi kuskure a yi ta yi masa dariya har ya ji haushi ya koya. Mun san sawun zomo da na gafiya, mun san wace ciyawa ce ke tsai da jini in ƙaya ta yanke ka. In rana ta yi zafi maza su yi langa a kan yashi, mu mata mu yi carafke da duwatsun mayo masu santsi. Asabar ta ƙarshen hutu kuwa ta iyaye ce, kowace uwa ta zo da dafaffiyar masara ko gyaɗa, a shimfiɗa tabarmi, kowane gida ya ɗauki gwangwaninsa ya tafi da shi.

Ga sauran yara wasa ne, ni kuwa ita ce makarantata. A aji biyu aka tsai da ni, ba don mugunta ba. Mama na fita tun da sassafe ta tari masu kawo kayan miya daga Digil ta kai kasuwa, Baba yana gona, ga Kaka, uwar Baba, ƙafafunta sun fara gajiya. Dole wani ya zauna, kuma ni ce babba, tunda wanmu ya koma tun yana goye. Ni ce ɗebo ruwa, ni ce shara, ni ce surfe, ni ce kora awaki daga shanyar kuɓewa. Gaskiya ban ƙi zaman gida ba, har yau ni mai son gida ce, a bar ni da murhu da wanda zan yi wa surutu, shi ke nan. Amma in na ga Tumba ya dawo da allonsa yana rera abin da aka koya musu, nakan bar aikin da nake yi in kasa kunne. Malam Hamman ne ya lura ina bin bakin masu karatu da ido. Bai ce mini komai a gaban mutane ba. In ana langa sai ya kira ni gefe, ya share yashi da tafin hannu, ya zana harafi da tsinke. "Biyu biyu za mu riƙa yi," in ji shi, "kafin ki yi tsayin wannan karan, kin karanta wasiƙa."

Shekarar farko itacen dogon yaro muka dasa, ba wanda ya ce uffan, domin ba mai cin 'ya'yansa. Abin da mu yara ba mu sani ba shi ne, tsofaffin unguwarmu, na masallaci da na coci, bakinsu ɗaya a kan magana guda: itacen da ake cin 'ya'yansa tsoho ne ke dasa shi. In yaro ya dasa, itacen na tashi yana shan kwanakinsa, kafin ya yi fure yaron ya tafi. Ko Malam ya san da maganar ya ɗauka ta mutu, ko kuwa ya ga shekara guda ta isa a amince da shi, ban sani ba.

Mako biyu da dashen, Tumba ya kwanta. Zazzaɓin damina ne, irin mai sa haƙora su yi ta karo, jiki kamar garwashi. Aka dafa ganye aka yi masa surace, aka shafa masa mai, ba sauƙi. A kwana na uku ya daina gane mu, yana ta kiran sunan akuyarmu. Da yamma wata maƙwabciya ta shigo dubiya, ta zauna tana jajantawa, sai ta ce cikin hira, ai 'yarta ta ce mangoron Tumba ya fi na kowa tashi, har ya yi ganye huɗu. Ina bakin murhu, na ga Kaka ta ajiye ƙoƙon da ke hannunta a hankali. Hausar Kaka ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne a bakinta, amma ranar ba wanda bai fahimce ta ba. "Mangoro? Wane ya ba yaro mangoro ya shuka?" Ta sa Baba ya tafi bakin mayo a take. Ya dawo da gwangwanin a bayan keke, tsiron yana rawa, ganyensa jajaye masu sheƙi, kyakkyawa abin tausayi. Kaka ta nuna zanen da ke jiki ta ce a karanta mata. Baba ya karanta, murya ƙasa ƙasa.

Nan na ajiye muciya na fito. Na ce, "Kaka, ni na dasa. Tumba ko taɓa shi bai yi ba, yana cikin ruwa. Sunan kawai na rubuta." A wautata na ɗauka magana ta ƙare ke nan: in ni na dasa kuma ga ni a tsaye lafiya lau, ai mangoro ba shi da laifi, Malam ma haka. Mama ta dafe ƙirji ta jawo ni jikinta kamar za a ƙwace ni. Kaka kuwa ta dube ni, ba faɗa, ba zagi, ta ce, "To ai shi ne. Itace ba shi da ido. Sunan da ka ba shi, shi ya bi." Na zo in wanke Malam, sai ga shi na ɗaura wa kaina cewa da hannuna, da haruffan da nake taƙama da su, na nuna wa ciwo ƙanena. Kaka ta tumɓuke tsiron, ta jefa cikin wutar da nake tuwo a kai, ta sa aka kwankwatse gwangwanin da dutse har sunan ya ɓace. Ina tsaye ina jin ƙaurin ɗanyen ganye.

Washegari da sassafe Baba ya goya Tumba da zanen Mama, ya hau keke ya kai shi ɗakin shan magani. Aka yi masa allura, aka ba da ƙwayoyi masu ɗaci da ke sa ƙaiƙayi, aka ce a dawo kwana uku a jere. Ni na riƙa danne masa hannu ana ɗura masa maganin. A rana ta uku ya yi gumi sharkaf, ya buɗe ido ya ce yana son kunu. Jama'a, na yi murna, Allah ya sani na yi murna, har kuka na yi a bayan rumbu. Amma ina kukan ina jin muryar Kaka a tsakar gida tana gaya wa mata masu barka, "An ƙone shi, yaro ya tashi. Kun gani da idonku." Ba wadda ta tambayi allura. Ni da na san komai, na ga dashen, na ga allurar, ba ni da bakin faɗa, domin na riga na faɗi gaskiyata sau ɗaya, na ga inda ta kai ni.

Kafin Asabar labari ya gama unguwa. Iyaye mata suka riƙa zuwa bakin mayo suna neman gwangwanin gidansu, wasu su zubar a ruwa, wasu su kankare sunan kawai su bar shi nan. Ba wanda ya zagi Malam Hamman, abin da ya fi ciwo ke nan. Gaishe shi ake yi da ladabi, a ce yaro yana taya aikin gona, ko an aike shi Michika wajen dangi. Ranar Talata ya zo gidanmu da kansa duba Tumba. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, Kaka ta sa na kai masa ruwa da soyayyar gyaɗa, na koma bayan zana na kasa kunne, taɓarya a hannu. Bai yi gardamar mangoro ba ko kaɗan. Cewa ya yi, "Dada, na yi kuskure da ban tambayi manya ba. Ba za a sake ba. Amma ki bar mini Masi, ko ba za ta taɓa ƙasa ba. Yarinyar nan saura kaɗan ta yi karatu." Kaka ta ce, "Malam, kai mutumin kirki ne. Amma ɗaya ya tafi, ɗaya Allah ya dawo mana da shi daga hanya. Rubutun nan ya isa haka." Na jira Baba ya yi magana. Baba mai karanta Littafi Mai Tsarki kowace safiya, wanda ya goya yaron da kansa zuwa wajen allura. Na leƙa ta ramin zana, sai na gan shi yana tsinke zaren bakin tabarma. Ba zai musa wa uwarsa a gaban baƙo ba, ko a bayan baƙo ma. Malam ya sha ruwansa, ya yi godiya, ya ja kekensa.

Shekarar ba a yi Asabar ta iyaye ba. Wata safiya ina dawowa daga rijiya da tulu a kai, na hango shi ya ɗora sauran gwangwanayen a amalanke yana turawa shi kaɗai, tsirrai na kaɗawa, ya nufi hanyar bayan gari. Ya gan ni, ya tsaya kamar zai yi magana. Ni kuwa an ce ko gaisuwa kada ta yi tsawo, sai na rusuna daga nesa na wuce, ruwa na zubo mini a wuya. Da hutu ya zagayo aka ce ya koma wajen 'yan'uwansa a Mayo Bani. Haruffa goma sha ɗaya ya bar ni da su. Sauran sai da na haifi 'ya'ya uku na same su, a ajin manya na coci, ido ya riga ya fara gajiya, shi ya sa har yau in ina rubutu kamar mai tsallaka mayo a kan duwatsu nake.

Yanzu in an ba da hutu, jikokina ɗaki ake tura su lesin, daga wannan bango zuwa wancan, in sun dawo su kifa kai a waya. Ba su san sawun zomo ba, ba su san sunan ganye ko da harshe ɗaya ba, kuma ban ga wani tsoho yana bi gida gida neman aron yara ba. Tumba yana nan da ransa, ya yi tumbi, ya yi furfura, ko tuna ciwon ba ya yi. Kaka ta daɗe a ƙasa, ban kuma riƙe ta a zuci ba, tsoro ne irin na wadda ta taɓa binne jika. A bazarar bara ƙaramar jikata ta gama tsotsar mangoro, ta zo da ƙwallon tana cewa, "Kaka, malamarmu ta ce in an binne zai fito. In binne a bayan ɗaki?" Na buɗe baki zan ce mata je ki, Allah ya raya. Kafin maganar ta fito na riga na fizge ƙwallon daga hannunta, na ce ta kawo ruwa kawai, ni zan sa a ƙasa. Ta kawo ruwan a buta, ta tsaya tana kallona, leɓe a zumɓure, ta ajiye butar ta koma ɗaki wajen waya.

Kaina ya daɗe da sanin camfi ne. Hannuna ne bai je makaranta ba.