Wa'azin da Fasto Bai Yi Ba

Bari in faɗi laifina kafin ƙanwata ta riga ni, don ita in ta ba da labari sai ta ƙara masa gishiri. Na taɓa yin wa'azi Lahadi huɗu a jere a cocinmu na Kafanchan, ban hau bagaden wa'azi ba, kuma mutum ɗaya ne ya same shi, shi ma ba ya ji.

Kakana ne, mahaifin Mama. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran kan jirgin ƙasa. Da tsufa ya zo, gwiwa ta fara ciwo, hawan jini ya biyo, sannan kunne ya tattara kayansa. Ko aradu ce ta faɗo a tsakar gida, Kaka cewa zai yi a duba wa ke ƙwanƙwasa ƙofa. Kawu ya aiko da na'urar kunne daga Abuja, ta yi ta tsuwa kamar gyare, Kaka ya jefa ta cikin gwangwanin ƙusoshi. Daga nan ya daina zuwa coci. Ya ce ba zai zauna yana kallon bakuna suna motsi kamar na kifi ba. Wannan fa mutumin da a da shi ke buɗe ƙofar cocin.

Mama ce ta yi dabara. Ta sayo littafi da biro, ta ce in riƙa zama kusa da shi ina rubuta abin da Fasto ya faɗa da manyan baƙaƙe. Kaka ya koma sujada a coci, har da sabuwar hula.

Wata biyu ina aikin tsakani da Allah. Sai wata Lahadi na cika ciki da ɗumame, ga zafi, ga fanka ta mutu. Na farka na ji matan zumunta suna waƙa suna buga tulu, an gama wa'azi har an kai ga baiko, wato tara sadaka. Kaka ya zungure ni da sandarsa ya miƙo hannu. Na duba shafin, babu komai sai "Yau Fasto ya ce" da wani dogon layi da ya gangara har ƙasa.

Tsoro ya ba ni basira. Na rubuta cewa Fasto ya ce hanyar sama layin dogo ce, ba a wuce na gaba, ba a juyawa, kuma Shaiɗan shi ne saniyar da ke kwanciya a kan layi. Kaka ya karanta, ya yi wata dariya da ta sa mawaƙan coci suka juyo gaba ɗaya. Rabon da in ji dariyar nan tun ina firamare.

Da ina da hankali da na tsaya a nan. Amma Lahadi ta gaba idona biyu, na ga wa'azin Fasto bai kai nawa daɗi ba. Na sa magulmata a taragon awaki. Na ce ranar shari'a akwai mai duba tikiti. A ta huɗu na wuce gona da iri, na rubuta cewa duk kakan da ke son kujerar taga sai ya riƙa ba jikansa cinyar kaza. Kaka ya gyaɗa kai da gaske.

Da aka tashi, ya ja ni har bakin ƙofa inda Fasto ke gaisawa da jama'a. Kaka ba ya jin muryar kansa, saboda haka in ya yi raɗa ana ji a tasha.

"Fasto, Allah ya ƙara basira," in ji shi. "Amma saniyar nan, a zamaninmu ba ma tsayawa, usur kawai muke busa mata."

Fasto, wanda ya shafe awa guda yana magana a kan haƙuri tsakanin maƙwabta, ya karɓi littafin ya karanta. Kafaɗunsa suka fara rawa. Mama ta kalle ni, na ji kamar an riga an binne ni.

Kunnena ya sha murɗa, amma ba shi ya dame ni ba. Da Mama ta rubuta wa Kaka gaskiya, bai yi faɗa ba. Ya rataye hularsa a ƙusa, ya ce da ni, "Abokina, duk garin nan muryarka kaɗai nake ji. Ashe ita ma ta ƙarya ce." Ya ce shi da coci kuma sai ranar da aka ɗauke shi aka kai. Na cika shafi uku da ban haƙuri, ya ninke ya yi fifita da su.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Fasto a kan babur. Ya zauna a tabarma, ya rubuta, "Baba, wa'azin jirgin nan ya fi nawa. Ina so in yi shi da gaske, amma ban san aikin layi ba. Ku koya mini." Kaka ya karanta sau biyu. Ya ce a kawo wa baƙo kunu. Awa biyu yana bayani, ya mai da sandarsa layin dogo, takalman Mama tarago, ni kuwa aka sa ni na kwanta na zama saniya.

Kafin ya tafi, Fasto ya miƙo mini takardun wa'azin gobe, ya ce hukuncina shi ne in kwafe su kalma da kalma, kowace Asabar.

Washegari Kaka ya sauke hularsa. Yanzu tsofaffi uku ne marasa ji a bencinmu, kwafi uku nake yi. Cinyar kaza kuwa, tun daga ranar ƙanwata yake ba.